A Gyara Malami Tun Daga Jami'a Kafin A Turo Shi Mashekari

Yau maganar malamin makaranta muka ɗauko, da wurin da ake horar da shi. Wani zai ce ina ruwan mai sanda da jami'a? To a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe, za a ga cewa maganar ba ta yi nisa da burtali da rijiya ba.

Akwai wani mashekari da muka sani a arewa inda aka gina aji biyu na siminti kusa da rijiya. Aka kawo tebura da allo, aka turo mushe, yaro matashi mai ladabi, mutumin kudu. Ranar da aka buɗe, hardo ya yanka rago, yara suka cika aji. Amma malamin ba ya jin Fillanci, yaran ba su jin Faransanci, Hausar ma kaɗan suke tsinta. Bai taɓa kwana a daji ba, bai saba da ruwan rijiyar da ake shayar da shanu ba, kuma duk ƙarshen wata sai ya yi doguwar tafiya zuwa gari neman albashinsa. Da rani ya tsananta ciyawa ta ƙare, iyaye suka ɗaure kaya suka bi dabbobinsu, yara suka bi iyayensu. Malam ya zauna da tebura, ya rubuta wa sufeton makarantu cewa mutanen nan ba su son karatu, ya nemi a canja masa wuri. Yanzu awaki ne ke shan inuwa a cikin ajin.

Duk wanda ya yi yawo tsakanin Abalak da Cintabaradan, ko Barmo da Tanut, ko Gure da Ngigmi, ya ga irin wannan makaranta ko ya ji labarinta. Mu kuwa ba mu ga laifin wannan yaro ba. An horar da shi don ya koyar da ƴaƴan mutanen da ke zaune wuri ɗaya, aka ɗauke shi aka ajiye cikin mutanen da abincinsu ke cikin tafiya. Wanda aka koya wa tuƙin kwalekwale, aka miƙa masa akalar raƙumi, in ya faɗi ba a yi masa dariya. Wanda ya koya masa ake tambaya.

To wa ke koya wa malami? A nan ya kamata kowane makiyayi ya san yadda abin yake tafiya. Malaman firamare suna fitowa daga makarantun horon malamai da ake ce wa normal, irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, da Bawa Jangwarzo ta Maraɗi, da Kawusan ta Tawa, da Mali Bero ta Doso. Sama da waɗannan akwai Babbar Makarantar Horon Malamai, wadda aka fi sani da ENS, a cikin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ita ce ke horar da malaman kwalej da na lise, da masu ba malamai shawara kan koyarwa, da sufetocin makarantu. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, ita ma tana da sashen ilimin koyarwa. Wato sufeton da ya karanta takardar malamin nan ya yarda cewa ba mu son karatu, da mai shawarar da ya kamata ya ziyarce shi ya nuna masa dabara, da waɗanda ke tsara abin da za a koyar da lokacin da za a koyar da shi, yawancinsu ta hannun jami'a suka biyo. Jami'a ita ce bakin rijiya. In guga ya fito da ruwa mai laka, banza ne a tsaya ana zagin kwalfar shayarwa.

Abin da muke cewa ke nan a taƙaice: makarantar makiyaya ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai wuraren da ke horar da malamai da shugabanninsu sun ɗauki ɗan makiyayi a matsayin ɗalibin da ake shirya malami dominsa tun daga farko. Gini da tebura da buhunan shinkafar kantin duk suna da amfani, amma mun ga an kawo su sun lalace saboda babu malamin da zai zauna.

Ba sabon abu muke nema ba, alkawari muke tuni. Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa wanda ya rasu a 1991, ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya nuna cewa makarantar da Turawa suka bar mana ta raba yaro da harshensa da sana'ar gidansu, ya kuma yi kira a koyar da yara cikin harsunanmu. A 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci da Fillanci da Tamajak da Barbarci. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a azuzuwan farko. Sannan dokar kiwo ta 2010 ta faɗa ƙarara cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi wanda hukuma ta amince da shi kuma take karewa. To idan doka ɗaya ta ce muna da ikon tafiya, makaranta kuma ta ce ɗanmu ba zai yi karatu ba sai mun zauna, an ba mu da hannun dama an karɓe da na hagu.

A 2025 an ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mu da muke rubutu da ita a wannan shafi ba za mu raina wannan ba, domin Hausa ce harshen kasuwa daga Ayoru har Difa. Amma a tuna, yaro ɗan shekara bakwai a rugar Fulani ko a zangon Abzinawa, ko Tubawa, ko Larabawa, da harshen uwarsa yake ƙirga ƴan maruƙa. Da shi ya kamata a fara koya masa baƙi da lissafi, sannan a haye da shi zuwa Hausa da Faransanci.

Mu duba abin da wasu suka yi. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun kafa hukumar ilimin makiyaya da doka mai lamba 41 ta 1989, mai hedikwata a Kaduna. Ba su tsaya ga hukumar kaɗai ba, sai suka raba wa jami'o'i aiki: ta Maiduguri aka ba ta horon malamai, ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato aka ba ta tsara abin da za a koyar, ta Jos aka ba ta bincike da auna sakamako. Da yawa daga cikin dattawanmu sun saurari shirin Don Makiyaya a Ruga a gidan rediyon Kaduna, wanda wannan hukuma ta ɗauki nauyinsa. Ba mu ce sun gama da matsala ba, ƴan'uwanmu na can su ma suna kukan ƙarancin malamai da makarantun da aka yi watsi da su. Abin lura dai shi ne sun gane cewa aikin na jami'a ne, suka rubuta sunan wanda za a tambaya in an gaza.

Can kuma a ƙasar Iran, akwai wani mutum mai suna Muhammad Bahmanbegi, ɗan ƙabilar makiyaya ta Ƙashƙayi. Ya ga malaman birni ba su zama a cikin mutanensa, sai ya buɗe makarantar horon malaman makiyaya a birnin Shiraz a 1957. Yakan ɗebo samari da ƴanmata daga cikin makiyayan kansu, ko da karatunsu bai yi zurfi ba, a horar da su kamar shekara guda, a mayar da kowa cikin danginsa da farin tanti da allo. In dangi sun tashi, makaranta ta tashi tare da su a bayan dabba. Daga cikin yaran da suka fara karatu a waɗannan tantuna an sami likitoci da lauyoyi da injiniyoyi. Asirin abin ba tantin ba ne. Malamin ɗan gida ne, ba ya ƙirga kwanakin da suka rage masa ya koma gari.

Saboda haka ga abin da muke nema daga ENS ta Yamai da sashen ilimin koyarwa na Tawa, da makarantun normal da ke bin sawunsu.

Na farko, a buɗe fanni na musamman kan koyar da ƴaƴan makiyaya, mai malamansa da takardar shaidarsa, wanda hukuma za ta san da shi wajen albashi da ƙarin girma. A cikinsa a koya wa malami yadda zai riƙe yara masu shekaru daban-daban a aji ɗaya, domin a daji ba a samun malami shida don aji shida. A koya masa yadda zai karɓi yaron da ya yi wata biyu ba ya nan ya ɗora daga inda ya tsaya, maimakon a kore shi ko a mayar da shi baya. Tawa ita ce ƙofar Azawak, motar kasuwa ma tana zuwa Abalak ta dawo a yini ɗaya. Babu wurin da ya fi ta cancantar wannan aiki.

Na biyu, a ware wa ƴaƴan makiyaya gurabe a makarantun horon malamai, a kuma taimake su su kai ga ƙofar. Kowa ya san inda yaranmu ke zubewa. Firamare shekara shida ce, kwalej huɗu, lise uku. Yaron da ya gama firamare a daji dole ya tafi gari, kuma in ba shi da mai masauki, ko ya zama ɗan aiken gidan mutane ko ya gudo. Yarinya kuwa uwarta ba ta ma yarda ta tafi. In babu gidan kwana mai tsaro da abinci a matakin kwalej, babu ranar da za mu sami malamai daga cikinmu, ko da an ware mana gurabe ɗari.

Na uku, kada a ba kowa takardar sufeto ko ta mai ba malamai shawara sai ya yi gwajin aiki na wasu watanni a yankin kiwo, ya kwana a mashekari, ya ga rani da idonsa. Wanda ya taɓa tsayuwa bakin rijiya mai zurfin gaba talatin a watan Afrilu, ya ga yaro yana kora sa ko jaki yana jan guga tun asuba har azahar, ba zai sake rubuta cewa iyaye ba su son karatu ba. Zai rubuta cewa in yaron nan ya bar igiya, garke zai kwana da ƙishirwa.

Na huɗu, masu bincike na jami'a su zauna da mu a sake duba kalandar makaranta. Ana buɗewa a watan Oktoba, a rufe a ƙarshen Yuni, jarrabawa kuma ta faɗo daidai ƙarshen rani, lokacin da iyalai suka warwatsu neman ciyawa, dabbobi suka rame, aikin rijiya ya fi nauyi. Da damina kuwa, sa'ad da tabkuna suka cika, nono ya yawaita, dangi suka haɗu har a kai ga taron gishiri na Ingal a watan Satumba, makaranta tana kulle. Ba mu ce akwai kalanda ɗaya da za ta dace da kowa ba, tafiyar mai raƙuma a Tarmit daban take da ta mai shanu a Dakwaro. Shi ya sa muke son a yi binciken yanki-yanki, a ba sufeton kowane yanki ikon daidaita watanni da sa'o'in karatu. Wani wuri karatun hantsi zai yi, wani wuri sai na dare da fitila mai aiki da hasken rana.

Na biyar, a shigar da saninmu cikin littattafai. Yaron da ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta da na kakarta ba jahili ba ne. A koya masa lissafi da kuɗin bijimi da la'adar dillali da kuɗin mota zuwa kasuwa. A koya masa kimiyya da ciwon huhu da na saifa da harbin daji, da dalilin da ya sa allurar rigakafi ke aiki, da yadda aka yi duniya ta rabu da bushiya har aka sanar da ƙarewarta a 2011. A koya masa labarin ƙasa da burtalai da rijiyoyi da iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata. A nuna masa bambancin saniyar Azawak da ta Bororo da ta Kuri, da aikin da ake yi a tashar Tukunus. Uban da ya ji ɗansa ya dawo da irin wannan karatu, gobe da kansa zai kai ƙanensa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce babu kuɗi. To a lissafa kuɗin azuzuwan da aka gina awaki suka gaje, da albashin malaman da ke rubuce a daji alhali suna zaune a gari. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasarmu ta dogara ga malaman kwantaragi don ta cika azuzuwa da sauri, kuma da aka yi musu jarrabawa a 2017 dubbai suka kasa. Wa ya fi shan wahalar wannan? Makarantun nesa, inda ba mai son zuwa, can ake tura wanda ya fi ƙarancin horo da ƙarancin gata. Arha ce da ta zama tsada.

Za a kuma ce makaranta ta musamman za ta raba kan ƴan ƙasa, ko ta ba yaranmu ƙaramin ilimi. Wannan magana tana da nauyi, kuma mu ma muna tsoronta. Ba mu son a yi mana makarantar jeka-na-yi-ka. Jarrabawa ta zama ɗaya, takarda ta zama ɗaya, ɗan makiyayi ya iya zama likita ko alƙali kamar ɗan kowa. Hanyar zuwa ce kawai muke so a daidaita da ƙafarmu. Abin da ke raba kan ƙasa da gaske shi ne a bar dubban samari a daji ba karatu, dabbobin ubansu sun ƙare, ba su da wata sana'a. Duk mun ga masu zuwa da babura suna yi wa irin waɗannan samari tayi, kuma mun san abin da ya biyo baya a yankunan Tilaberi da Difa da arewacin Tawa, inda makarantu da yawa suka rufe saboda rashin tsaro.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu laifin, kuma a wannan shafi namu ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Tun zamanin Nasara, da aka zo neman yara don makarantun makiyaya, manya da yawa sun ɓoye ƴaƴansu suka tura na barorinsu. Daga baya waɗanda aka tura ɗin su ne suka zama ma'aikata. Har yau akwai mai garke ɗari da ke ganin asara ce ya sayar da ɗan maraƙi ɗaya don ɗansa ya zauna kwalej. Akwai masu cire yarinya daga aji a yi mata aure ana saura shekara ɗaya ta gama. Sannan mu dawo muna kukan babu malama mace da za mu amince mu ba ta ƴaƴanmu mata. Daga ina za ta fito in ba mu bar ta ta yi karatu ba?

Akwai kuma tsoron da iyaye ke faɗa, cewa yaron da ya yi boko ba ya dawowa, yana jin kunyar sanda da warin nono. Gaskiya ne an ga haka. Amma a lura, yaron yakan raina gidansu ne in malaminsa ya raina shi. In malamin ɗan ruga ne, yana koyarwa da safe da yamma ya je ya duba shanunsa, yaro zai tashi da sanin cewa alƙalami da sanda suna shiga hannu ɗaya. Fari na 1973 da na 1984 sun koya mana cewa garke na iya ƙarewa cikin wata uku. Gidajen da suka fi saurin farfaɗowa, da yawansu akwai wani ɗa mai albashi da ya sayo musu tumakin farko.

Ku kuma ƴan'uwa fatake da dillalai, kada ku ce wannan maganar masu daji ce. Wanda ke ɗaukar shanu daga Abalak ko Tunfafi zuwa Illela ko Jibiya ko Mai'aduwa ya san yawan takardun da ake nuna masa a hanya, na gaske da na ƙarya. Ya san yadda ake cutar wanda bai iya karanta rasit ba, da wanda ke miƙa wayarsa ga wani ya duba masa kuɗin da aka turo. Ya san maganin dabbobi na jabu da wanda kwanansa ya wuce, da ake sayar wa wanda ba ya iya karanta kwalba. Haka kuma dokar karkara ta 1993 ta ba makiyaya kujera a kwamitocin kula da filaye, amma takardun da ake sa wa hannu a can da Faransanci suke. Sau nawa wakilinmu ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba, bayan shekara biyu aka ga gona a tsakiyar burtali?

Don haka kada mu tsaya jiran Yamai kawai. Kowane reshe na ƙungiya ya zauna da hardo-hardo da shugabannin zango, a zaɓi yara biyu ko uku masu ƙwazo, har da mata, a ɗauki nauyinsu daga kwalej har normal, bisa alkawarin za su dawo su koyar a cikinmu na wasu shekaru. Muna da al'adar habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa aron karsana har ta haihu ya kafa garke. A yi wa ilimi habbanaye. Fataken kowace kasuwa su ware wani abu kaɗan a kan kowane kai da aka sayar, a riƙe shi a hannun amintattu, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. Malamin da aka turo mana kuma, kafin namu su fito, mu karɓe shi kamar baƙon kirki, a ba shi akuyar tatsa, a yi masa bukka, a sa yaro ya koya masa harshe. Da yawa suna gudu ne saboda kaɗaici.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu su nemi zama da hukumomin jami'o'in Yamai da Tawa da ma'aikatar ilimi, su kai waɗannan buƙatu biyar a rubuce, su dawo su faɗa mana amsar da aka ba su a taro na gaba. Muna kuma gayyatar malaman jami'a da ɗalibansu su zo su same mu a daji. Akwai nono, akwai tabarma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma gyaran jinka sai an taru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare dabbobinmu daga cuta da ɓarayi, ya shirya mana zuriya. Amin.